Yadda Ake Yi wa Tsohuwar Mota Mai Daraja Inshora Bayan An Canja Mata Inji

A Maraɗi da wuya ka tarar da motar da ta haura shekara talatin tana tafiya da injin da aka ƙera ta da shi. Peugeot 404 da 504 da iyayenmu suka yi safara da su tsakanin nan da Katsina da Kano, da Mercedes ƙirar W123 da alhazan birni suka yi yayi, da Land Cruiser ɗin nan mai gajeren jiki da ake shiga daji da ita, kusan kowace an taɓa buɗe mata ciki. Wata an sauke mata injin fetur an ɗora na dizal, wata an sa mata injin wata mota dabam, wata kuma an ƙara wa silindarta faɗi an canja kafireta. Makaniki ya gama aikinsa, mota ta tashi, mai ita ya ji daɗi, amma takardun da ke cikin akwatin gaban mota suna nan suna bayanin motar da tuni aka rabu da ita. Kamfanin inshora kuwa, ko asurans kamar yadda muka fi faɗa a nan, abin da aka rubuta masa shi ya ɗauki alhakinsa.

A jikina na koyi wannan. Na gaji 504 daga mahaifina da injin fetur mai 1796 cc wanda ya riga ya gaji, yana shan mai yana turnuƙe unguwa da hayaƙi, sai na sa aka ɗora mata na dizal mai 2304 cc, irin wanda Peugeot da kanta ta riƙa sa wa 504 da 505. Shekara biyu ina sabunta inshora ta hannun wani dillali wanda aikinsa kawai ya kwafe abin da ke tsohuwar takarda zuwa sabuwa. Wata ranar damina da yamma na buge wani ɗan kabu-kabu, ƙafarsa ta karye. Da ƙwararren da kamfani ya turo ya zo gida duba motar, bai ce komai ba sai da ya ɗaga murfin inji, ya sunkuya ya shaƙi ƙanshin gazuwal, ya bi bututun mai da yatsa har zuwa famfo, sannan ya ɗago ya dubi takardar da ke hannunsa ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, wannan takardar ta wace mota ce?" Kamfanin ya biya yaron haƙƙinsa, daga baya ya aiko mini da wasiƙar neman in mayar masa da wani kaso na abin da ya biya. Na yi fushi a lokacin, amma da na nemi bayani sai na ga doka tana bayansa.

Abin da doka ta ɗora wa mai mota

Harkar inshora a Nijar tana tafiya ne bisa kundin CIMA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka 14 da suka haɗa dokar inshorarsu wuri guda bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kundin kuma ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 na kundin shi ya wajabta wa duk mai mota inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a jiki ko a dukiya. Ita ce takardar da ɗan sanda ko jandarma yake tambaya a hanya, kuma yawancin mutane a kanta saninsu ya tsaya.

Mai motar da aka canja wa inji ya fi buƙatar sanin wasu sassa uku. Sashe na 12 ya wajabta maka amsa tambayoyin kamfani daidai lokacin ƙulla yarjejeniya, ya kuma wajabta maka sanar da shi duk wani sabon abu da ya ƙara haɗarin ko ya sa amsoshinka na baya suka daina zama gaskiya, cikin kwana 15 daga ranar da ka sani, ta wasiƙar da aka yi wa rajista a gidan waya ko wadda kamfanin ya sa wa hannu cewa ya karɓa. Sashe na 18 ya shafi wanda ya ɓoye da gangan: yarjejeniyarsa ta rushe kamar ba a taɓa yin ta ba, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani, ko da abin da ya ɓoye ba shi ne ya jawo haɗarin ba. Sashe na 19 ya shafi wanda ya yi kuskure ko sakaci ba da mugun nufi ba. Idan aka gano kafin haɗari, kamfani zai iya ƙara masa kuɗi ko ya soke yarjejeniyar, idan kuwa sai bayan haɗari aka gano, za a rage diyya gwargwadon bambancin da ke tsakanin abin da ya biya da abin da ya kamata ya biya.

Ga misali, don lissafin ya fito fili. A ce ka biya jika 60 a shekara, alhali da ka bayyana sabon injin jika 80 za a ce ka biya. Ka biya kashi uku cikin huɗu ke nan, saboda haka idan ɓarna ta kai sefa miliyan 2, alhakin kamfani miliyan 1 da rabi ne. Sashe na 210 ya hana a yi wa wanda aka buge wannan ragin, don haka kamfani zai biya shi cikakke, sannan ya juyo kanka ya nemi jika 500 ɗin da suka rage. Wannan shi ne ainihin abin da ya same ni, kuma na yi sa'a da aka ɗauke shi a matsayin sakaci.

Mataki na farko: ka yi tambaya tun injin yana kasuwa

Idan ba a riga an yi canjin ba, ka je kamfanin da kake hulɗa da shi ka faɗa masa irin injin da kake shirin ɗorawa, ka ji ko zai ci gaba da ɗaukar motar da kuma abin da zai ƙaru. Sashe na 15 ya ba kamfani zaɓi biyu idan haɗari ya ƙaru, ko ya yanka sabon farashi ko ya janye ya mayar maka da kuɗin watannin da suka rage, kuma gara ka san wanda zai zaɓa kafin ka zuba kuɗinka a gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutane sukan tambaya wane canji ne ya isa a bayyana. Sauya fetur da dizal, ƙara yawan silinda ko girmansu, ɗora turbo, haɗa tukunyar iskar gas, ko sa injin wani kamfani a jikin motar wani, duk waɗannan babu ko tantama a kansu. Akwai kuma ƙananan da ake raina wa, kamar canja kafiretar Solex da ta Weber, ko sa fanka mai aiki da lantarki, ko sauya tsarin wuta. Shawarata ita ce ka rubuta duka, ka bar kamfani ya faɗa da bakinsa wanda bai dame shi ba. Ko da irin injin da aka sauke aka mayar, lambarsa ta riga ta canja, wannan kaɗai ya isa dalilin rubuta wasiƙa.

Mataki na biyu: takardun injin da na aikin

A nan yawancin masu motoci suke faɗuwa, domin injin gwanjo a kan saye shi ne da baki, a ɗaure shi a bayan a-kori-kura, a wuce. Ko daga Kwatano ko Lome ya zo, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka shigo da shi ta Ɗan Isa, ka tabbata ka karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da kwanan wata, da farashi, da irin injin, da lambarsa cikakkiya. Idan ya ƙetaro iyaka, ka riƙe takardar duwan da ke nuna an biya masa haraji. Injin da ba shi da asali a rubuce zai iya zama na motar sata, kuma ranar da hakan ta bayyana matsalarka ta wuce ta inshora.

Lambar injin a jikin ƙarfensa ake buga ta, galibi a wani ɗan fili da aka goge sumul, kuma a tsohon inji za ka same ta a binne cikin baƙin mai da ƙura. Ka sa yaron gareji ya wanke wurin da kananzir da tsohon buroshi, ka ɗauki hoto da waya a cikin hasken rana, sannan ka ɗora farar takarda a kai ka goga fensir a hankali har lambobin su fito farare a cikin baƙi. Wannan gogen ya fi hoto ƙarfi a wurin masu bincike, saboda yana nuna siffar bugun kansa. Haka za ka yi wa lambar shasi da ƙaramin allon da masana'anta ta manna a ɗakin inji. Idan ka ga alamar an kankare lamba ko an sake buga ta, ka bar injin nan ko nawa aka rage maka.

Daga nan sai takardar makaniki. Ka sa ya rubuta, ko a rubuta masa ya sa hannu, abin da ya sauke da abin da ya ɗora da duk abin da ya taɓa saboda canjin. Dalili shi ne inji ba ya tafiya shi kaɗai. Na dizal ya fi na fetur nauyi, don haka ƙafafun gaba suna ɗaukar kayan da ba a yi su dominsa ba. Yana buƙatar batir mafi ƙarfi, da lagireto mai iya jure zafin watan Afrilu da Mayu lokacin da ma'auni ke wuce 40, da bututun da zai mayar da ragowar mai cikin tanki. Abin da ya fi waɗannan hatsari shi ne birki. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da ke sauƙaƙa taka birki, na dizal kuwa ba ya samar da ita sai an haɗa masa famfo na musamman, kuma makanikin da ya manta da wannan ya ba ka motar da sai ka miƙe tsaye a kan birki kafin ta tsaya. Wanda ya ɗora wa tsohuwar Land Cruiser injin 1HZ mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, ya ba ta ƙarfin ja da jimiri, amma birkinta da giyarta na zamanin da aka ƙera ta ne sai in an gyara su. Kamfanin da ya ga takarda tana nuna an kula da waɗannan ya fi saurin amincewa da motar. Hotunan aikin tun daga sauke tsohon injin har ɗaure sabon su ma ka adana su, kuma in kana da wuri kada ka sayar da tsohon injin, domin a idon masu son tsofaffin motoci wadda ke tare da injinta na asali ta fi tsada.

Mataki na uku: gyara kart giriz

Kart giriz, takardar da ke shaida motar da mai ita, tana ɗauke da lambar shasi, da ranar da motar ta fara hawa hanya, da yawan kujeru, da irin man da take sha, da ƙarfinta na haraji wanda ake rubutawa da CV. Daga cikinta ma'aikacin inshora yake ɗebo abin da zai lissafa kuɗinka da shi. Sashe na 212 ya ce farashin inshorar dole ya dogara ne da yankin da motar ke yawo, da siffofinta da irin aikin da ake yi da ita, da kuma matsayin wanda ya saba tuƙa ta. A jadawalin farashi ana jera motoci rukuni-rukuni bisa yawan CV, kuma layin fetur dabam yake da na dizal, har ta kai mai dizal da CV kaɗan yakan faɗa rukuni ɗaya da mai fetur da ya fi shi CV. Shi ya sa wanda ya ce ai injin da ya sa bai fi na da gudu ba bai kawo hujja ba, domin CV lissafin hukuma ne, ba gudun mota a hanyar Tasawa ba. A lissafin Faransa 404 mai fetur tana da CV 9, 504 mai lita biyu kuma 11.

Ka ɗauki motar da takardun da ka tara zuwa ofishin sufuri na jihar Maraɗi, ka nemi a gyara bayanin motar ya dace da abin da ke jikinta, ka kuma kai ta bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, da sabon injin, ba da tsohuwar shaidar da aka bayar kafin canji ba. Wannan aiki yakan ɗauki lokaci, kuma kwana 15 ɗin da doka ta ba ka ba sa jiran sa. Saboda haka kada ka ce sai sabuwar takarda ta fito za ka sanar da kamfani. Ka kai wasiƙarka da kwafin shaidar cewa ka shigar da buƙatar gyara, in ya so daga baya ka cika musu da sabuwar kart giriz.

Mataki na huɗu: a san darajar motar a rubuce

Inshorar dole ba ta biyan ko dala a kan motarka, ta wanda ka buge ce. Idan kana son a biya ka in ta ƙone, ko an sace ta, ko ta lalace a haɗari, sai ka sayi ƙarin kariya, kuma a nan ne tsohuwar mota take shan wahala. Ƙa'idar da aka saba ita ce a biya abin da motar za ta yi a kasuwa ranar da abin ya faru, bayan an cire tsufa, abin da takardun ke kira valeur vénale. A wannan ma'auni motar 1978 ba ta wuce kuɗin ƙarfenta ba, ko da ka kashe mata miliyoyi a fenti da kujeru da inji. Kamfanoni da yawa ma ba sa son sayar da cikakkiyar kariya ga motar da ta tsufa.

A ƙasashen da tara tsofaffin motoci ya zama al'ada an ware musu tsari. A Faransa motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya muhimman siffofinta ba, tana iya samun kart giriz ta musamman ta motocin tarihi. A Ingila wadda ta kai shekara 40 ana ɗauke mata gwajin shekara-shekara, sai fa idan an yi mata babban sauyi. Ka lura cewa a wuraren nan ma canjin inji yana cikin abubuwan da ke iya fitar da mota daga sahun. Mu a nan abin da za ka nema shi ne darajar da aka amince da ita tun farko, wato valeur agréée: ƙwararren mai kimanta motoci ya duba ta ya rubuta rahoto ya yanka mata kuɗi, kamfani ya karɓi wannan adadi ya rubuta shi cikin yarjejeniya. Kada ka rikita ta da valeur déclarée, wadda kai ne ka faɗi adadin da bakinka, kamfani ya karɓi kuɗi a kansa, amma ranar biya ya ce sai ka kawo hujjar cewa motar ta kai haka.

Kafin ka biya kowane ƙwararre, ka tambayi kamfanin waɗanda yake karɓar rahotonsu, don kada ka yi asarar kuɗin aiki. Ranar dubawa ka wanke motar har ƙarƙashinta, ka shimfiɗa masa rasiɗai bisa tsarin kwanan wata, ka kuma roƙe shi ya ware wa injin sakin layi nasa a rahoton, da lambarsa da girmansa da irin mansa da kuɗinsa dabam da na jikin motar. Ka nuna masa inda ake samun kayan gyaranta, domin wannan yana shafar lissafin gyara. Kayan 504 har yanzu suna samuwa a yankinmu saboda masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000 bayan Faransa ta daina, amma fitila ko gilashin 404 sai an sha nema.

Game da adadin kuwa, kada ka rage don kuɗin shekara ya yi sauƙi, kada kuma ka kumbura. Idan motar ta kai miliyan 6 ka rubuta miliyan 3, sashe na 35 yana ɗaukar ka a matsayin wanda ya riƙe rabin haɗarin da kansa, sai ɓarnar miliyan 1 a biya ka jika 500. Idan kuma ka rubuta fiye da darajarta, sashe na 31 ya ce diyya ba ta wuce ƙimar abin a lokacin da ya lalace, ka yi ta biyan kuɗi a kan iska ke nan.

Mataki na biyar: zama da kamfani

Ka zaga kamfani biyu ko uku da takardu iri ɗaya, ko ka bi ta hannun dillalin da ke da lasisin hukuma, wanda zai iya nuna maka shaidarsa ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ke zaune a bakin tasha da jaka cike da takardu yana iya ba ka abin da zai wuce da kai shingen jami'ai, amma ba shi da ikon amincewa da canjin inji a madadin kowa. Idan reshen Maraɗi ya ce sai ya tambayi hedkwata a Yamai, ka yi haƙuri ka jira, amsar da ta fito daga can a rubuce ta fi alkawarin baki na nan take.

Wasiƙar sanarwar ba ta buƙatar tsawo. Ta ƙunshi sunanka da lambar yarjejeniya da lambar mota, da ranar da aka gama aikin, da bayanin tsohon inji da na sabo, da jerin sauran abubuwan da aka canja, da jerin takardun da ka haɗa. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata da sa hannu. Wannan hatimin yana da nauyi, domin sashe na 15 ya ce kamfanin da aka sanar da shi ƙarin haɗari kuma ya yarda ya ci gaba, ba shi da damar ya dawo daga baya ya kafa hujja da shi. Abin da za ka fita da shi a ƙarshe shi ne avenant, takardar ƙari da ke gyara yarjejeniya, kuma ka karanta ka ga an ambaci sabon injin a cikinta ƙarara.

Ka faɗi gaskiyar aikin da motar take yi. Wadda ake fitowa da ita ranar Juma'a da ranar hawan Sallah da rakiyar amarya tana cikin rukunin yawo da harkokin kai, amma ranar da ka fara ba da ita haya ga masu biki, ko ɗaukar fasinja zuwa Madarumfa da kuɗi, ta koma wani rukuni mai wani farashi. Haka nan idan ɗanka ne ya fi tuƙa ta, a rubuta hakan.

Cikin ƙarin kariyar, gobara ce nake sawa a gaba ga motar da aka canja wa inji, saboda tsofaffin wayoyi da aka yi wa ƙari da bututun mai da aka bi da shi ta sabuwar hanya kusa da salansa su ne mafarin yawancin wutar da ke tashi a irin waɗannan motoci. Ka tambaya ko kariyar ta haɗa da wutar da ta tashi daga wayoyin motar kanta, ka kuma ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. Sata tana biye, kuma a nan ka karanta sharaɗin wurin kwana da na makullai, domin tsohuwar mota kowane makulli yana iya buɗe ta, kamfani kuma yana iya neman a sa mata abin katse wuta ko makullin sitiyari. Ruwa ma abin tambaya ne, duk wanda ya ga abin da daminar 2024 ta yi a Maraɗi ya san motar da ke ajiye a gida ma ba ta tsira ba, kuma ambaliya ba ta shiga yarjejeniya sai an rubuta ta. Lalacewar injin da kansa, kamar ya buga ko ya ƙone saboda rashin ruwa, inshorar mota ba ta saba biyan wannan ba, tsakaninka da makanikinka ne.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba ta fuskar addini, CIMA ta fitar da ƙa'idar takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2019, yana iya tambayar wanda ke bayar da ita. Wajabcin bayyana gaskiyar injin dai ɗaya ne a ko'ina.

Mataki na shida: karatu da biya

Yarjejeniyar da Faransanci take, in ba ka iya ba ka tafi da wanda ya iya kuma ka yarda da shi. Ka fara da wuraren da aka rubuta da manyan baƙaƙe ko aka ƙara wa kauri, domin sashe na 8 ya ce sharuɗɗan da ke cire wani abu daga kariya ko suke soke haƙƙi ba su da ƙarfi sai an rubuta su yadda ido ba zai tsallake ba. A ciki za ka ga tsere da gasar gudu da gwajinsu a waje suke, abin da ya kamata samarin da ke wasa da mota a wurin biki su sani. Ka duba faranshiz, wato kason da kai za ka ɗauka a kowace ɓarna kafin kamfani ya fara biya. Ka tambayi abin da zai faru da gawar motar idan aka ce gyaranta ya fi kuɗinta, ko kana da damar riƙe ta a cire ƙimarta daga diyya, domin a tsohuwar mota gawar ma dukiya ce.

Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗi. Babu zancen a rubuta maka ka kawo ƙarshen wata. Ka karɓi rasiɗin kamfanin kansa, in da caki za ka biya a rubuta shi da sunan kamfani, sannan ka gwada lambar shasi da CV da irin mai da ke kan shaidar inshorar da na kart giriz, harafi bayan harafi, tun kana tsaye a ofishin.

Bayan an gama

Darajar da aka amince da ita ba ta dawwama, a kan sa mata wa'adi, don haka ka duba ranar ƙarewar rahoton ka sabunta shi, haka kuma duk lokacin da aka sake taɓa injin sai sabuwar wasiƙa. Idan za ka ƙetara zuwa Jibiya da Katsina, takardar da aka sani ita ce Carte Brune da ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar Afirka ta Yamma, suka kafa a 1982. Da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, ka sa kamfaninka ya rubuta maka takardar da za ta kare ka a can da iyakar abin da take biya, kuma bayanin injin da ke cikinta ya zama sabon.

Ranar da haɗari ya faru, a kira ƴan sanda in a cikin gari ne, ko jandarma in a waje ne, su yi konsta, wato rahoton yadda haɗarin ya faru. Ka sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da yarjejeniya ta sa, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, sata kuwa awa 48 ce. Kada ka bari makaniki ya kwance ko ƙusa ɗaya kafin ƙwararren kamfani ya gani, kada kuma ka sa hannu a wani sulhu da wanda aka yi haɗarin da shi ba da sanin kamfani ba, ko da dattawan unguwa ne suka shiga tsakani, domin kamfani ba ya ɗaukar alkawarin da aka yi a bayan idonsa. Idan kun saɓa a kan adadin diyya kana iya ɗauko naka ƙwararren ya sake dubawa, kana kuma iya kai kuka ga sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi, amma ka tuna sashe na 28 ya ba da shekara 2 ne kawai ga ƙarar da ta taso daga yarjejeniyar.

In kuwa ka sayar da motar, sashe na 41 yana dakatar da inshorarta da kansa a ƙarshen rana ta biyar bayan cinikin. Ka sanar da kamfani ranar sayarwa, ka miƙa wa mai saye kwafin rasiɗin injin da takardar duwan da ta makaniki da rahoton ƙwararre, ka riƙe naka kwafin tare da takardar cinikin da ku biyu da shaidu kuka sa wa hannu.